Littafin aikin gwajin jini na Zangon Kumasi: Aboabo, Sawaba da Asawase

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Salamu alaikum 'yan kwamiti. An ce in riƙa rubuta yadda aiki ke tafiya saboda waɗanda ba sa samun zuwa miting da kuma 'yan uwanmu na waje da suka turo gudummawa ta MoMo, toh ga shi na fara. Shirin bai canza ba, gwajin suga ne da awon hawan jini da gwajin ciwon hanta nau'in B, sai maleriya ga wanda ya zo da zazzaɓi, duk kyauta, a ƙofar masallatai da makarantun Aboabo da Sawaba da Asawase, kuma muna so mu ci rabin aikin kafin azumi ya shigo. Wanda gwajin yatsa ya nuna wani abu za a ɗebi jinin jijiyarsa a kai lab a tabbatar.

Yau muka buɗe katon ɗin da 'yan uwa suka aiko daga Amurka, Allah Ya saka musu da alheri. Akwai gulukomita, wato na'urar gwajin suga, akwai sitirip ɗinsu da ake ɗiga wa jini, akwai na'urar awon hawan jini mai batir, sannan akwai irin biron nan na huda yatsa da ake saka wa lansit, 'yar allurar huda yatsa, a ciki. Biron na ware gefe na ce ba za mu fita da shi ba. Ma'aji ya dube ni ya ce Malam kayan kyauta ne fa, ba canza allurar za a riƙa yi ba? Na ce ko an canza allurar, hular da ke taɓa yatsa tana nan, kuma jinin da zai maƙale a cikinta ido ba ya ganinsa. An ƙera biron ne don mutum ɗaya a ɗakinsa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sha ba da rahoton yadda ciwon hanta B ya ɓarke a gidajen kula da tsofaffi a can, kuma da aka bi diddigi sai aka tarar biro ɗaya ko gulukomita ɗaya ne ake zagayawa da shi daga tsoho zuwa tsoho ba a gogewa. Ƙwayar cutar nan tana iya kai kwana 7 ko fiye da rai a cikin busasshen jini a kan tebur ko roba. Mu kuma ita muka fito nema, wato cikin layin da za a yi mana dole akwai masu ɗauke da ita ba su sani ba, in muka yi sakaci mu ne za mu raba ta ga sauran, garin neman gira a rasa ido.

An tsaya a kan za a sayo lansit mai amfani sau ɗaya, wanda da an danna allurar ke komawa ciki ta kulle. Ya fi tsada, na sani. Wanda zai je sayayya Adum ya duba ranar ƙarewar aiki a jikin kwali, ya kuma tambayi mai shago ko FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana, ta yi wa kayan rajista, kada arha ta ja shi.

Wani abu kuma, gulukomitan Amurka da mg/dL suke karantawa, mu a nan Gana da mmol/L muka saba. Hajiyar da kullum a asibiti ake ce mata suganta 6 ne, ka ce mata yau 108, ai sai ta zube maka a wurin alhali abu ɗaya ne. Lissafin shi ne a raba da 18. Na rubuta a kwali za mu manna a tebur: 126 shi ne 7.0, 200 kuma 11.1.

Laraba, 15 ga Janairu

Takardarmu ta shiga ofishin lafiya na gunduma, sun ce a kawo musu sunayen masu lasisi da kuma inda za mu kai sharar allura. Wannan ya sa dole in maimaita abin da na faɗa a miting wasu suka ji haushi. Ba kowa zai taɓa jini ba. Nas-nas ɗinmu da mu 'yan lab masu rajista da Allied Health Professions Council, hukumar da ke ba mu lasisi, wadda dokar Act 857 ta 2013 ta kafa, mu kaɗai ne a teburin jini. Samari da 'yan mata masu taimako suna da aiki mai yawa, rubuta suna, tsara layi, ɗaukar benci, fassara wa wanda ba ya jin Hausa ko Tuwi.

Na kuma tambayi masu teburin jini waye ya yi allurar rigakafin ciwon hanta, shiru ya yi yawa. Gana ta saka ta cikin allurar jarirai ne a 2002, duk wanda ya girmi shekarar nan in bai je da ƙafarsa ya yi ba toh bai da ita. Allura uku ce, ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Waɗanda ba su yi ba sun yi gwaji sun karɓi ta farko, kuɗin daga asusun kwamiti.

Asabar, 18 ga Janairu

Horo a ajin makarantar Islamiyya. Mun fara da haɗa ruwan bilic saboda kowa yana ganin ya iya, kowa kuma da idonsa yake aunawa. Abin da ake so na goge jini shi ne kashi 0.5 cikin 100. In jarkar ta ce 3.5, kofi 1 na bilic a kofi 6 na ruwa. In ta ce 5, kofi 1 a kofi 9. A karanta jikin jarka, don ba duk abin da ake kira Parazone a kasuwa ne ƙarfinsu ɗaya ba. Kullum da safe a haɗa sabo, na jiya a zubar, rana da iska suna cinye masa ƙarfi. In jini ya zuba a tebur ko ƙasa ba a fara da gogewa, a rufe shi da tishu, a zuba ruwan bilic a kai, a bar shi minti 10, sannan a kwashe da safar hannu a saka a leda mai ruwan ɗorawa.

Ledojin shara kala uku ne a tsarin ma'aikatar lafiya ta Gana, baƙa ta sharar yau da kullum, ruwan ɗorawa ta duk abin da ya taɓa jini, ruwan ƙasa ta magani da sinadari. Allura da lansit kuwa kwalinsu daban, sefti bos, kuma in ya kai kashi uku cikin huɗu an gama da shi, a rufe, kada wani ya sa yatsa ya danna wai don a samu wuri.

Inda muka daɗe shi ne goge gulukomita. Wata ƙanwarmu nas ta ce Yaya ai sipirit muke shafawa a wurin aikinmu. Na ce mata na sani, kusan ko'ina haka ake yi, amma CDC ta faɗa a fili cewa sipirit mai kashi 70 ba abin dogaro ba ne a kan ƙwayoyin cutar da ke bin jini a jikin na'urar nan, bilic mai ƙarfi kuma yana iya cinye robar ko ya shiga ramin sitirip ya kashe ta. Mafita ita ce takardar kamfanin da ya ƙera, a nan ake rubuta irin tsumman gogewa da aka yarda da shi da mintocin da za a bar na'urar a jiƙe. Wadda takardarta ba ta faɗi yadda za a tsabtace ta tsakanin mutum da mutum ba, ba ta taro ba ce. Cikin na katon ɗin an samu irin waɗannan, mun ware su za a ba masu ciwon suga su riƙe a gida, kowa da tasa. Sauran za mu riƙa juya su, ɗaya na aiki ɗaya na bushewa.

Juma'a, 24 ga Janairu

Fitar farko, Aboabo. Mun kafa rumfa tun da safe don masu zuwa ba su karya ba, sannan muka ci gaba bayan an sauko Juma'a. Hunturu bai gama tafiya ba, ƙura ta sa dole kowane lokaci robar sitirip a rufe, a ciro ɗaya a mayar da murfi nan take. Da safe yatsun tsofaffi sun yi sanyi jini ba ya fitowa, sai ka ga mai huda yana neman matse yatsa da ƙarfi, wanda hakan ruwan nama yake haɗowa da jinin ya ɓata sakamako. Sai muka sa suna murza hannu suna saukar da shi ƙasa kafin su zauna. A gefen yatsan tsakiya ko na zobe ake hudawa, ban da tsakiyar tafin yatsa inda ya fi zafi. Masu aikin ƙarfi irin makanikan Suame Magazine da mahauta fatarsu ta yi kanta, su sai lansit mai zurfi, a ƙaro irinsa.

Bayan Juma'a ne aka gane kurenmu. Layi ya kai bakin titi har masu pragiya, keke mai ƙafa uku na haya, suna mana hon. Kowane mutum sai an cire safar hannu, a shafa sanitaiza, a sa sabuwa, a goge na'ura, a jira. Wani dattijo ya buga sandarsa ya ce kai ɗana, wancan karon da wasu suka zo gwaji a nan kafin ka ce kwabo sun gama da mutum ɗari, ku kuna ta wasa da safa. Na ce Baba ka yi haƙuri, safar da na taɓa jinin wanda ya tashi yanzu, ka yarda in taɓa ramin da zan huda maka da ita? Ya yi shiru, can ya ce toh canza. Daga baya ma shi ya koma yana tsare mana layi yana faɗa wa mutane su bar yaran nan su yi aikinsu.

Ni dai ra'ayina kenan kuma zan ci gaba da faɗa a kwamiti, gara mu sallami rabin layi su dawo wani mako da mu gama da kowa da safa ɗaya. Safar hannu in ba a canza ta ba mai sanye da ita kaɗai take karewa.

Wata Mma ta zauna suga ya nuna 14 da ɗoriya, ta fara salati. Nas ta kalli hannunta ta ce Mma me kika ci? Ashe pinkaso take sayarwa, hannun duk suga. Aka ba ta ruwa da sabulu ta wanke ta bushe aka sake, ya dawo daidai. Daga yau bokitin Veronica, mai famfo na wanke hannu, da sabulu yana gaban layi, kowa ya wanke hannu kafin ya iso tebur, auduga da sipirit kaɗai ba sa cire sugan abinci yadda ya kamata.

Maganar suna kuma sai da ta kusa rikita mu. A awa ɗaya an samu Fati ta kai nawa, Abdullahi kuwa ba a magana, wani kuma sunan da unguwa ta san shi da shi daban da wanda ke kan Ghana Card ɗinsa. Yanzu kowa lamba ake ba shi a teburin rajista, lambar nan ce a takardarsa, ita ce a kan kaset ɗin gwaji, ita ce a jikin kwalbar jini, tare da cikakken suna da shekarar haihuwa. Kuma a gaban mai jinin ake rubuta kwalba, a karanta masa ya ce eh ni ne. Ba a tara kwalabe a ce za a rubuta daga baya.

Kaset ɗin maleriya da na hanta kowanne da lokacin karanta shi a takardarsa, yawanci minti 15 zuwa 20. Wanda aka bari ya wuce lokaci yana iya fitar da wani siririn layi na ƙarya. Mun sa yarinya ɗaya aikinta kawai rubuta lokaci a jikin kaset da duba agogo. In layin C, mai nuna kaset ɗin ya yi aiki, bai fito ba gwajin ya mutu ko me ɗaya layin ya nuna, sai a sake.

Lahadi, 26 ga Janairu

Lab ɗin da muke kai wa jini sun dawo mana da wasu kwalabe sun ce ba za su yi aiki da su ba, kuma gaskiyarsu ne. Na je na gani da idona. Ruwan da ke tasowa saman jini in an juya shi a inji ya kamata ya zama fatsi-fatsi garau, waɗannan kuwa sun yi ja kamar sobolo, wato zobo, alamar ƙwayoyin jinin sun farfashe. Da muka zauna muka bi yadda aka yi, abu biyu ne. An ɗebi wasu da sirinji aka tura jinin cikin kwalba da ƙarfi ta cikin allura. Sannan wanda ya kai su ya ɗora kwalaben kai tsaye a kan ƙanƙara a cikin kula, ya hau pragiya ta hanyar da duk kun san ramukanta, ga go-sulo, jini ya sha sanyi ya sha girgiza.

Jinin da ya farfashe yana ɗaga potasiyam da wasu awon hanta su nuna abin da babu shi, ka ga an tayar wa mutum hankali a banza. Mutanen da abin ya shafa mun bi su gida mun ba su haƙuri an sake ɗiba.

Ga yadda za a riƙa yi daga yanzu. Igiyar ɗaure hannu kada ta wuce minti 1. Kwalba mai murfi shunayya, ta ƙirgen jini da sikila, a juya ta a hankali sama da ƙasa sau 8 zuwa 10, ba a kaɗa ta. Ta tabbatar da suga mai murfi ruwan toka ce, saboda a kwalbar da ba ta da wannan maganin ƙwayoyin jini suna ci gaba da cin sugan, yana raguwa da kusan kashi 5 zuwa 7 cikin 100 duk awa, kafin a isa lab mai ciwon suga ya koma lafiyayye a takarda. Ɗaurin kaya hawa uku ne, kwalba a tsaye cikin ragarta an naɗe da auduga mai iya shanye jinin in ta fashe, a saka a roba mai murfin murɗawa, sannan a saka robar a kula. Tsakanin ƙanƙara da robar a sa kwali. Takardu a leda daban a manne a murfin kula ta waje. Kuma ba za a jira sai an tashi aiki ba, jinin da za a raba ruwansa ana so ya isa inji cikin awa 2, don haka za a riƙa tashin ɗan aike tun rana tana sama.

Kular nan kuma na rubuta mata JINI da jan fenti. Ranar Juma'a na ga wani ya buɗe ta yana neman wurin sanyaya piyo wota.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Sawaba. Aiki ya yi kyau har wajen la'asar sannan abin da muke gudu ya faru. Ɗaya daga cikin nas ɗinmu ta gama ɗibar jini, sefti bos ɗin yana bayanta an matsar da shi saboda rana, sai ta ce bari ta mayar wa allurar murfi kafin ta juya, allura ta shige ta a babban yatsa ta cikin safa.

Ta so ta ɓoye, Allah Ya sa ta kusa da ita ta gani. Nan take aka cire safar aka wanke wurin da sabulu a ruwa mai gudu. Wani ya kawo bilic wai a zuba, na hana, ba a zuba bilic a rauni, ba a matsa shi, ba a tsotsa. Muka roƙi mai jinin, wani bawan Allah mai kirki, ya yarda aka yi masa gwajin HIV da na hanta B da C bayan an yi masa bayani a keɓe. Ita kuma aka sa ta a mota zuwa asibiti a daren, ba a bari sai Litinin ba, saboda maganin kariya na PEP ana so a fara shi cikin awowin farko, in an wuce awa 72 an makara, kuma kwana 28 ake shansa in likita ya ga akwai buƙata.

Tana ta kuka tana ambaton HIV, kowa ma shi yake tsoro. Amma a lissafin masana, in allurar mai HIV ta soki mutum haɗarin kamuwa kusan 3 ne cikin 1000, na hanta C kusan 2 cikin 100, na hanta B kuwa ga wanda bai yi rigakafi ba daga 6 har 30 cikin 100. Ita ta yi allurarta uku tun tana makaranta, wannan ya sauƙaƙa lamarin sosai. Sauran bayanin lafiyarta nata ne, kada kowa ya tambaye ni.

Ban ga laifinta ita kaɗai ba. Kwalin da ke bayan mutum bai da amfani. Daga yau sefti bos a kan tebur yake, gefen hannun da mutum ke aiki da shi, an ɗaure shi da igiya a ƙafar rumfa yadda ba mai matsar da shi. Kuma duk wanda allura ta soka ya faɗa a take, ba wanda zai yi masa faɗa.

Talata, 11 ga Fabrairu

Zafi ya fara dawowa. Na shiga ɗakin da muke ajiye kaya da azahar, rufin kwano ne ba silin, na fito da gumi sharkaf. Yawancin sitirip ɗin suga a jikin robarsu an rubuta kada su wuce digiri 30. Na gwada su da ruwan kontrol, wanda ake duba ingancin sitirip da shi, roba ɗaya da aka bari a buɗe ta fita daga iyakar da aka rubuta, na zubar da ita. Mun kwashe kayan zuwa ɗakin ƙasa a gidan Hajiya magajiya inda akwai sanyi, an rataye tamomita a bango. Firij ba dole ba ne, da dumso, yawan ɗauke wutar nan, ma ba abin dogaro ba ne, kuma sitirip ba ya son laima. Duk robar da aka buɗe a rubuta ranar a jikinta. A sayo batir na na'urar hawan jini.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Asawase. Yau na fi zama a bayan labule fiye da teburin jini, don faɗa wa mutum sakamako shi ma wani aiki ne. Mun sa labule mun kuma sa kowa, mai lafiya da mara lafiya, ta nan zai bi ya karɓi takardarsa, saboda in masu matsala kaɗai ake kira ciki toh unguwa ta gama sanin komai kafin mutum ya fito. Na kuma hana ɗaukar hoton rajista ko kaset a tura WhatsApp, ko da niyyar nuna wa masu ba da gudummawa ne. Akwai dokar kare bayanan mutane, Act 843 ta 2012, ko babu doka ma amana ce.

Wani matashi da aka sa ranar aurensa bayan sallah gwajinsa na hanta ya nuna layi biyu, alamar yana ɗauke da cutar. Abin da ya fara fitowa bakinsa shi ne wallahi Yaya ban taɓa bin mata ba. Na ce na yarda da kai. A ƙasashenmu yawancin masu ɗauke da cutar nan tun suna jarirai ko ƙananan yara suka same ta, daga uwa wajen haihuwa ko tsakanin yara a gida. Hukumar lafiya ta duniya ta ce wanda ya kamu yana jariri kusan kashi 95 cikin 100 tana zama masa, babba kuwa ƙasa da kashi 5. Na ce masa wannan gwajin yatsa ne, sai lab ta tabbatar, sannan likitan hanta ya duba ko yana buƙatar magani ko sa ido kawai, a asibitin Komfo Anokye akwai masu wannan fannin. Amaryar ta yi gwaji, in ba ta da shi ta yi rigakafi, aure ba ya fasuwa saboda wannan. Cin tuwo a kwano ɗaya ko gaisawa ba sa yaɗa shi. Reza da buroshin haƙori ne kowa ya riƙe nasa. Na kuma roƙe shi ya rabu da masu sayar da maganin gargajiya a lori da lasifika masu cewa suna wanke hanta, wasu jiƙe-jiƙen su ke ƙarasa ta.

Da yamma wani tsohon wanzami ya zo ya zauna yana kallon yadda muke jefa lansit a kwali. Ya ce shi ma tuni ya koma reza sabuwa ga kowane kai, amma ina zai kai tsofaffin, a gwangwanin madara yake tarawa. Na ba shi sefti bos ɗaya na ce Baba in ya cika ka aiko a haɗa da namu. Ya tambayi yadda zai yi da kofunan ƙaho, muka daɗe muna magana. Ina ganin bayan sallah ya kamata mu kira wanzamai da masu aski da masu yankan farce mu zauna da su, su ma jini suke taɓawa kullum kuma ba wanda ya taɓa kiransu horo.

Alhamis, 6 ga Maris

Hutun ranar 'yancin kai, mun yi amfani da shi mun kwashe shara. Duk sefti bos da jakunkuna masu ruwan ɗorawa an ƙirga an rubuta an kai asibitin da ya yarda ya ƙona mana a injinsa, an sa hannu an ba mu takarda. Wani ya kawo shawarar a ba mai aboboya, keken kwasar shara, ya haɗa da sharar gida, ya fi sauƙi. A'a. Duk wanda ya tashi a Zango ya san yara suna tonon bola, kuma ya san abin da yaro ke yi in ya tsinci sirinji, bindigar ruwa ce ta samu. Masu tsintar roba da ƙarfe ma da hannu suke tonawa.

Azumi ya rage mana fita amma ya kawo wata tambayar, ko huda yatsa yana karya azumi. Mun kai wa liman, ya yi bayani bayan sallar asuba cewa ɗigon jinin gwaji ba ya karyawa. Wannan ya taimaka ƙwarai don masu ciwon suga da yawa suna ƙin dubawa da rana. Waɗanda muka ba gulukomita na gida mun bi su da takarda da Hausa da ajami: in suga ya sauka ƙasa da 3.9, ko ya haura 16.6, ko mutum ya ji rawar jiki da gumi mai sanyi da duhun gani, ya karya azumin ya nemi likita, ya rama daga baya. Mun kuma ja musu kunne kada na'urar ta zama ta gida duka, don mun ji wata Hajiya tana gwada kishiyarta da maƙwabta da biro ɗaya saboda kirki. Nas ta je ta same ta.

Asabar, 15 ga Maris

Mun dakata da fita sai bayan sallah. Waɗanda lab ta tabbatar musu an ba kowa takardar zuwa asibiti a hannunsa, saura 'yan kaɗan da wayarsu ba ta shiga, a bar wa nas su bi su, kada a aika yaro ko a bar saƙo wurin maƙwabci. Masu katin inshorar lafiya na NHIS da ya mutu a taimaka musu su sabunta kafin ranar ganin likita.

Safar hannu ta kusa ƙarewa, matsakaiciya ta fi tafiya. Lansit mai zurfi babu ko ɗaya. Tsumman goge na'ura ya rage roba ɗaya kuma shi ne ya fi wahalar samu, wanda ke da hanya a Accra ya yi magana. Kula tana buƙatar sabon murfi. Masu teburin jini da suka karɓi allurar farko a Janairu sun yi ta biyu, ta uku za ta faɗo a Yuli, sakatare ya rubuta ya tuna musu. Rajista tana cikin akwati mai kwaɗo, makulli ɗaya a wurina ɗaya a wurin babbar nas. Zaman wanzamai kuma ina jiran Sarkin Zango ya ba mu rana.